Karo na Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Leeds.
Ruwan sama na ƙwanƙwasa tagar hawa na huɗu,
ni kuwa ruwana bai kai ƙwayar gero ba.

Na tura shi ta magudanar da ta fi gashi siranta,
ya faɗa cikin mai, ya dunƙule,
ya yafa rigar kitse, falle ɗaya tak.
Na tura ɗan'uwansa.

An ce ruwa da mai ba sa ga maciji.
Mai maganar bai leƙa madubin nan ba.

Sau arba'in da shida suna haɗuwa su fashe,
biyu su koma ɗaya, aikin wuni ya bi ruwa.
Rhiannon ta ce famfon ne ke gaggawa,
ta bar mini rabin biskit, ta bi bas ɗin ƙarshe.

Na rage gudu. Na riƙe numfashi.
Suka matso, kamar surukai a ƙofar zaure,
kafaɗa ta taɓa kafaɗa,
mai ya zame daga tsakani,
sai ga yana.

Wadda Inna ke yayewa a kan kunu bargo ce a gabanta.
Amma irinta ce ta raba ciki da waje
a jikina, a jikin kiyashi, a ganyen rama.

Ba rai a cikinta, na sani.
Duk da haka da layin na'ura ya motsa
na ji bakina ya ce sannu da zuwa.

Minti tara ta yi. Na rubuta.
Shayina ma ya yi tasa yanar.