Aron Ido

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas a Temuco,
layi ɗaya, kwana goma sha bakwai, fuskoki iri ɗaya.
Da na ajiye aiki sai na sayi tsohuwar motar burodi,
na ɓalle kantocinta, na kafa gado,
na ɗaure murhun gas da waya, na rataye kofi biyu a ƙusa.
Orfelina ta ɗinka labule mai ruwan ƙwai.
Daga shi ba ta ƙara zura zare a allura da kanta ba.

Likita ya ce hasken zai janye daga tsakiya,
ya bar mata gefe-gefe, kamar burodin da aka ƙwaƙule cikinsa.
Ta ce, "To tayar da motar, Hermógenes.
Duwatsun da ka yi mini alkawari tun muna da haƙora
ba za su tako Temuco su gaishe ni ba."

Muka yi kudu.
Jirgin ruwa ya haɗiye mu har da gidanmu, ya furzar a Chaitén.
Inda kwalta ta gaji, tsakuwa ta karɓa,
cokula suna ta cacar baki a durowa,
buta tana rawa ba mai kiɗa.

Bayan Coyhaique hanya ta nannaɗe kamar hanjin rago,
sai ga Cerro Castillo.
Na taka birki.
"Me ka gani?"
"Dutse ne. Babba."
Ta ja tsaki. "Shekara arba'in ina haƙuri da rowar bakinka.
Yau kam a'a. Faɗa mini da kyau."

Na yi ta lalube a cikin baki.
"Kansa baƙi, tsini-tsini, tsohon mataji mai giɓi.
Ƙanƙara ta kwanta masa a kafaɗa, ba fara fat ba,
da shuɗi a ciki, irin jijiyar bayan hannunki.
Daga ƙasa itatuwa sun yi ja."
"Ja irin na me?"
"Irin rigarki ranar da kika fara ƙi na."
Ta yi dariya har ta sarƙe.
"Ruwan goro ce wannan, makaho."

Haka muka yi ta tafiya, ina biyan bashin magana.
Tafki mai launin da na rasa sunansa, ta ce in ƙirƙiro.
Mikiya ta tsaya cak a sama, ba ta biya kuɗin iska ba.
Taya ta fashe kusa da kogin Baker,
wani makiyayi, Aladino, ya sauko daga doki ya kama mini jak,
ya miƙo mana shayinsu mai ɗaci, ƙoƙo ɗaya mu uku,
ya ƙi kuɗi, ya karɓi albasa biyu.

Ran na tara gajimare ya sauko ya zauna a hanya.
Ko hancin motar ban gani.
Na raɓe gefe, na kashe inji, kunya ta rufe ni
kamar wanda ya kira baƙi ya tarar tukunya wayam.
"Babu komai yau, Orfelina."

Ta murɗe gilashi ƙasa. Ta daɗe.
"Dutsen na hagu, kusa, iska na bugunsa tana dawowa.
Ruwa na zubowa daga samansa, guda biyu,
ɗaya mai ƙiba, ɗaya siriri kamar ƙanwarka.
Can ƙasa wani na fama da ɗanyen icce,
ka ga ke nan akwai gida, akwai mai haƙuri a ciki.
Rubuta, tunda yau kai ne fasinja."

Da asuba gari ya washe. Na fita da bargo a ka.
Ga dutsen a hagu, ga hayaƙin, ga bukkar.
Ruwan kuwa uku ne.
Na dawo na ɗora buta.
"Nawa?" in ji ta, daga ƙarƙashin mayafi.
Na ce, "Biyu, yadda kika faɗa."
"Maƙaryaci. Na ukun da tsakar dare ya fara,
kana minshari.
Zuba mini, sukari kaɗan."