Shatin Dutsen Guga

Rigimar fili ce ta kawo Malam Tanimu,
fuloti biyu a Rigasa, bayan layin dogo.
Ya baje takardu bisa teburina,
ɗansa Habibu na raɓe jikin ƙofa
da riga mai dogon hannu, ana tsakar zafin bazara,
an ɗauke wuta, fanka ta yi shiru.

Na miƙa wa yaron ruwan leda.
Da ya ɗago, hannun riga ya zame,
sai ga shatin dutsen guga,
har da tsininsa, kamar an zana.
Ya yi wuf ya ja ya rufe,
irin saurin wanda ya saba.

Uban bai jira tambaya ba.
"Barista, ai ke lauyata ce.
Ɗari biyar ya zare a aljihuna.
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Wannan tsakaninmu ne."
Ya koma lissafin shaidu.

Tun baƙar rigata na sabuwa aka koya mini:
cikin lauya rijiya ne, abin da ya faɗa ba ya fitowa.
In muka zama 'yan kai rahoto,
wa zai ƙara zama gabanmu ya faɗi gaskiya?
Gobe uba zai bar yaro a gida,
ya zo shi kaɗai, da turare da fara'a,
ƙunar tana nan, ido ne kawai aka raba da ita.
Na taɓa faɗin haka a taro, har aka tafa mini.

Amma Habibu bai sa hannu a yarjejeniyarmu ba.
Shekararsa tara. Ba shi da lauya.

Da yamma, cikin cunkoson gada, hanyar Barnawa,
na so a ce doka ta ɗaure mini hannu,
in ce: Malam, ba ni ba ce, tilas aka yi mini.
Sai kunya ta kama ni.
Abin da idona ya gani,
sai wani sashe ya ba ni izinin gani?

An kawo wuta bayan isha'i.
Na jona dutse zan goge kwalar kotu,
ina tsaye har ya yi zafi.
Na kai yatsa, na janye da sauri.
Ni da na iya janyewa.

Lambar ofishin jin daɗin jama'a na cikin wayata.
Shari'ar filin kuwa sai Alhamis.