Katako na Uku

Sau ɗaya a wata Fada Anselmo ke zuwa tsibirin Apiao,
in teku ta yarda.
Yau ta yarda da ƙyar.
Ya sauka da jiƙaƙƙen takalmi da mura,
ya shige bayan labule mai warin kyandir da gishiri.

Na durƙusa. Gwiwoyina suka yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Ba a faɗin suna a nan,
amma wa ke tsibirin da bai san tarin Eleuterio masassaƙi ba?

Shekara talatin da ɗaya ina zuwa da ƙananan kaya:
na zagi maƙwabci,
na sha ya wuce kima,
na tsallake Lahadi biyu don kifi ya yi yawa.
Tsakuwa nake zubawa a gaban Allah,
dutsen kuwa na bar shi gida, ƙarƙashin matashi.

Yau na ɗauko shi.

Na ce, Fada, na sassaƙa wa Nibaldo jirgi,
ɗan Herminia, shi kaɗai gare ta.
Katako na uku daga ƙasa
ruɓa ta ci cikinsa.
Na danna da babban yatsa, ya lotsa.
Sanyi na tafe, aljihuna wayam,
sai na shafe wurin da kwalta, na bi da shuɗin fenti.
Ya biya ni cif,
har ya ƙara min buhun dankali.
Na ci dankalin, Fada.
Kwana goma sha bakwai, teku ta dawo da filafili ɗaya.

Shiru.
Ruwan sama na ta ƙwanƙwasa rufi kamar mai bin bashi.
Na ji ya fyace hanci. Ban sani ba ko murar ce.

Ya ce, abin da ya nutsar da jirgin ban sani ba,
teku ba ta zuwa ikirari.
Amma yatsanka ya sani, kai ma ka sani,
yanzu kuma ka faɗa. Uwar tana raye?

Tana raye. Benci na biyu, hagu.
Duk ranar da aka ce a ba juna salama,
ita ke fara miƙo min hannu.

Ta ƙananan hujojin allon na ga inuwar hannunsa ta tashi,
ta sauka, ta gitta.
An gafarta maka zunubanka,
da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.
Kalmomin da na saba ji ne tun ina yaro,
yau ne suka sami wurin zama.

Na jira a ɗora min dutse a maimakon dutse.
Sai ya ce: ka yi carbi zagaye ɗaya domin Nibaldo.
Ba zan tilasta maka ka faɗa mata ba,
wannan tsakaninka da Mai Sama ne.
Amma na ji an ce rufinta na yoyo.

Na fito. Ruwa bai ɗauke ba,
dutsen ma bai ɓace ba, ya dai zama abin da hannu ke iya ɗagawa.
Na shiga rumfa na zaɓi katako,
ina danna kowanne da yatsa,
na jefar da biyu.

Ga ni a ƙofarta da guduma a kafaɗa,
hayaƙin murhunta na fita ta tsagar rufi.
Ban san abin da bakina zai fara cewa ba.
Na ƙwanƙwasa.