Daren Laraba a Saman Gidan Burodi

Matakala arba'in da bakwai ce zuwa ɗakin,
da gwiwa na ƙirga ta, ba da baki ba.
A ƙasa Fresia na cuɗa ƙullun gobe,
ƙamshin yis yana biyo mu har sama.
Mu tara ne, wata rana shida,
in ruwan sama ya tsare masu gangarowa daga Playa Ancha.

Gyaran agogo ne sana'ata.
Shekara talatin da takwas
ina leƙen cikin ƙarfe da gilashi a ido ɗaya.
Da hannu ya soma rawa,
jikata Ximena ta jawo ni nan, ta ce:
"Kaka, wannan ma agogo ne,
haƙoransa ne kawai ba a gani."

Kwamfutocinmu tsintattu ne.
Tawa banki ne ya yar da ita,
fankarta na tari kamar mai tsohuwar mura,
harafi ɗaya ya ɓalle, mun manna maɓallin riga a gurbinsa.
Ranar da Aníbal ya zuba mata Linuks ta buɗe ido,
muka yi ta tafi kamar an yi haihuwa.

Kowa da irin haukansa.
Leocadia na koya wa tukunyar tumatir
ta aiko da saƙo in ta ji ƙishi.
Gaspar wata huɗu yana gina wasa
na kyanwa mai tsallake rufin kwano,
har yau kyanwar ta cikin bango take faɗawa.
Baltasar kuwa, ɗan masunta,
ya rubuta 'yar manhaja mai faɗin sa'ar da teku zai cika
da sa'ar da zai ja da baya,
don babansa da kwalekwalensa a Caleta Portales.
Ya ajiye ta a fili, ba ƙyaure, ba kwaɗo:
mai so ya ɗiba, mai iyawa ya ƙara.

Na ce, yaro, a sana'armu
ba a nuna wa maƙwabci cikin agogo.
Bai ce komai ba. Kujera ya turo mini.

Layi goma sha ɗaya na rubuta a ciki.
Sha ɗaya! Mako uku ina fama,
waƙafi guda ya hana ni barci dare biyu.
Lissafin lokaci aka ba ni,
wai wa ya san lokaci kamar ni.

Sai Baltasar ya tafi arewa haƙar tagulla,
kyauta ba ta biyan kuɗin haya.
Kujerarsa ta koma wurin ajiye jaka.

Cikin Afrilu manhaja ta fara ƙarya.
Awa guda cur take saɓa wa teku.
Tsohon ya kira, bai yi faɗa ba,
ya ce ya koma duban wata da idonsa.
Muka tone ko'ina, ban da layukana,
don kunyar furfura ba wanda ya taɓa su.

Laraba ta uku saƙo ya iso
daga wata Marit, can Tromsø,
garin da sai da muka nemo shi a taswira.
"Layi na bakwai ya manta ana juya agogo.
Ga gyara. Na gode da wannan aiki,
ƙanena ma da shi yake fita kamun kifi."

Layi na bakwai nawa ne.
Ni da nake ja wa rabin Valparaíso agogonsu baya
duk shekara, da yatsun nan.

Ɗakin ya yi tsit, sai tarin fanka.
Ximena ta cije leɓe.
Ni na fara dariyar, har sai da na cire tabarau,
sauran suka biyo ni kamar an kwance su.

Da kaina na karɓi gyaran,
yatsa ɗaya, harafi ɗaya, na rubuta mata godiya.
Sunanta ya shiga jerin, ƙarƙashin na Baltasar,
sama da nawa.

Da muka sauko, Fresia ta miƙo burodi mai zafi.
Na tsaya bakin ƙofa ina jin teku a ƙasan tudu,
na duba agogon hannuna,
na duba wayar Ximena.
Yana cika. Daidai.