Shago Na Uku Daga Hagu

Ranar Litinin da hantsi
shugaban aiki ya miƙo mini makullin katafila,
ya yi nuni da haɓa:
"Wancan, Tankari. Kafin Juma'a fili nake son gani."
Na duba. Benen Alhaji Nomau ne,
mai hawa ɗaya, bayan Ƙaramar Kasuwa,
wanda fentinsa ya daɗe da mance
ko shi rawaya ne ko ruwan ƙasa.

Ban gaya masa ba.
In ce me? Shago na uku daga hagu,
nan babana ya yi shekara ashirin da shida
da gilashi maƙale a ido ɗaya,
yana lallashin agogunan mutane su ci gaba da tafiya?
Tukunya ba ta tafasa da labari.
Na karɓi makulli.

Daga baya na fara, don kunya.
Bango ya yi gardama sau biyu,
a na uku ya durƙusa
kamar raƙumin da aka labta wa kayan da ba nasa ba.
Sai ga ɗakuna tsirara, rana tana leƙensu:
shuɗin ɗakin Cima mai kitso,
ƙusar da Jibo tela ke rataye almakashi,
kalandar wani banki da ya riga ginin mutuwa,
da matakala, tana ta hawa da ƙwazonta
zuwa inda babu kowa.

Jemagu suka tashi da tsakar rana.
Su ne 'yan haya na ƙarshe,
su kaɗai ba a aika wa takardar tashi ba.

Talata 'yan Katako suka zo da amalanke.
Ƙofa jika huɗu, taga jika biyu, rodi a kilo.
Gida ba ya mutuwa gaba ɗaya a Yamai,
rabonsa ake yi kamar naman watanda.
Ƙofar Cima gobe za ta rufa asirin wani a Bukoki
wanda bai taɓa jin sunanta ba.

Laraba na iso.
Na kashe inji, na ce ya yi zafi.
A bango akwai farin da'ira inda babban agogo ya zauna,
ƙarƙashinta rubutun baba da fensir, ajami mai karkata:
Arzika direba, dala sittin.
Hamani na gidan waya, dala ɗari, sai ƙarshen wata.
Wanne wata, baba?
Dukansu suna Yantala kwance, mai bi da waɗanda ake bi.
A lungu na tsinci gwangwanin madara
cike da ƙananan kusoshi, kamar ƙwayar gero.
Na sa a aljihu, na hau,
na ce bismilla,
na yafe musu bashin duka da bugu ɗaya.

Ba na zagin abin da ke zuwa.
Ga hotonsa can a allo: hawa goma sha biyu, gilashi zalla,
da mutanen da aka zana ba gumi ba inuwa,
da itatuwan da ban san sunansu ba.
'Yata Rakiya lissafin kuɗi take karantawa.
Wa ya sani, ko ta samu kujera a hawa na tara,
ta riƙa hango kogi, da gada, da masu wanki a gaɓa,
tana duba lokaci a wayarta,
kakanta yana ƙarƙashin inda ake ajiye motoci.

Juma'a kafin kiran salla na miƙa fili,
shimfiɗe kamar faifai.
Shugaba ya taka shi, ya ce madalla,
ya dubi agogon hannunsa, ya ƙwanƙwasa shi da farce,
ya kai kunne.
Daga inda nake tsaye na san ciwonsa.
Na yi shiru.
Na wuce masallaci,
gwangwani yana kacau-kacau a cinyata
duk takun da na yi.