Kwabon Rum a Shafin Kwat

A Aboabo, ranar da aka kwance dilar gwanjo,
Mma Zuwera ta turo mini kwat in gyara masa shafi.
Almakashina ya ci tuntuɓe a gindin aljihu,
wani abu ya faɗo kan keke, ƙwal,
irin ƙarar da pesuwa ba ta taɓa yi ba.

Tagulla ce, ta yi kore kamar bakin rijiya da damina,
gefenta a karkace, ba ta san da'ira ba.
Na tofa mata yawu, na goga a gwiwar wando,
sai ga mutum:
wuya kamar na bijimi, hanci ya rigayi fuska,
ganye a kansa maimakon hula,
yana kallon dama, wajen kwatar da ke bayan shagona.

Baba Gariba mai agogo ya maƙala gilashi a ido,
ya daɗe bai ce uffan ba.
"Sarkin Rum ne," in ji shi,
"tun Kumasi tana kurmi."
Na ce sunansa fa?
Ya juya ta, ya sake juyawa.
"Yatsu sun cinye."

Yatsun wa?
Mai gurasa, mai wanka da ladan sisi,
soja da ya sha ta kafin albashi,
tsohuwa da ta ƙulle ta a bakin zane.
Bai faɗi a fagen fama ba, wannan sunan,
ciniki ne ya lashe shi, harafi harafi.

A bayan akwai mace tsaye,
zangarniya a hannu ɗaya,
a ɗayan ƙaho cike da 'ya'yan itace,
goshin jirgi a gefen ƙafarta.
Na gane ta.
Ashe tun can masu mulki ke zana hatsi a kan kuɗi
su bar talaka ya lasa.

Opoku mai zubi ya auna ta a tafin hannu,
ya ce ba za ta kai kunnen kada ba in an narka.
Mai waake ta tura mini ita da bayan ludayi.

Yanzu tana kan teburina.
In fanka ta taso takardar awo,
ita nake ɗorawa.
Sarki yana danne hannun rigar ɗan makaranta,
fuskarsa duk alli,
bai yi gardama ba.

Mma Zuwera ta sayar da kwat ɗin sidi arba'in.