Tsinke Uku

Albashi ya shigo bayan la'asar,
ashirin da tara ga azumi,
gari na ta raɗe-raɗin wata zai tsaya.
Kulu ta biyo ni har zaure
da tsinken tsintsiya guda uku:
"Wanga ƙafar Arzika, wanga ta Ige,
guntun na auta ne. Kada ka gama su."
Na zura su aljihu, na hau acaɓa.

Kasuwar Jega ta cika ta batse,
ko allura ka jefa, a kan mutum za ta sauka.
Mai cirar kuɗi ya ɗaga na'urarsa sama
kamar mai roƙon ruwa,
sabis ya ƙi, layi ya kai rumfar masu gishiri.
Da kuɗin suka fito, rana ta yi ja.

Wajen kwanar 'yan albasa
wani mai baro ya matse ni da bango.
Bai ce sannu ba, ban ce komai ba, bakinmu da azumi.
Sai a gaban mai takalma na laluba aljihu:
tsinke uku sun zama bakwai.

Na jera su a tabarma ina haɗawa,
wannan da wancan, wancan da wannan,
kowane haɗi ya ba ni yaron da ban haifa ba.
Mai takalma, wani dattijo mai haƙorin azurfa,
ya ce, "Malam, ɗiyanka ne ko na maƙwabta?
Aje icce, tuno ƙafa."

Na tsaya.
Ina sanin kuɗin makarantarsu har da sulai,
ina sanin ranar da aka yanka wa kowa rago,
amma ƙafa?

Sai na tuna Arzika ya fara satar silifas ɗina
in zai tafi asham,
diddigensa bai kai ƙarshe ba, saura yatsa biyu.
Na tuna sawun Ige a simintin ƙofar ɗaki,
da ta taka tun bai bushe ba, na yi ta faɗa.
Bara ke nan. A ƙara mata kaɗan.
Auta kuwa, jiya da sahur
ya taka mini tafin hannu yana hawa wuyana.
Na buɗe hannun na miƙa wa dattijo,
ya auna daga nan zuwa nan.

Inna Tumba, man zafi na gwiwa da goro fari ƙwarya ɗaya ba ta samu ba,
na sayi goma, aka naɗe a ganye.
Kulu ta ce ita ba ta son komai.
Shekara goma sha huɗu ina jin wannan magana,
na san fassararta:
gyale ruwan ƙasa, wanda ta taɓa ranar Juma'a
ta tambayi kuɗinsa ta ajiye.

Ni kuma hular bara tana wurin mai wanki,
in an ɗora ta a kan gungume ta sha bugu
wa zai ce ba sabuwa ba ce?

Aka kira magariba ina ƙirga canji.
Dattijon ya raba dabino biyu, ya ba ni rabi.
Kafin in kai gida rediyo ta ce an ga wata.

Na Ige ya zauna cif.
Na Arzika ya yi yawa, aka cusa takarda,
ya ce haka ma ya fi so.
Na auta duka biyun na hagu ne.
Ya ƙi cirewa, da su ya kwana,
ƙafafunsa na kallon gabas tare.

Kulu ta yafa gyalen, ta ce na yi ɓarnar kuɗi,
ba ta cire ba har ta gama tuyar nama.
Da ta zo wanke rigata cikin dare
ta zazzage aljihu, tsinke bakwai suka zubo.
Ta dube su, ta dube ni.
Na ce, "Gobe da asuba, kafin idi,
zan je in nemo na dama."